Ɗakin Binciken Jami'a, Dawrar Horo, Ko Awo a Unguwa: Ina Malamin Kimiyya Zai Kai Hutun Bazararsa?

Da an shiga watan Mayu, hirar ɗakin malamai a Makka da Jidda ba ta wuce ta dogon hutu: wa zai hau Ɗa'if shan iska, wa zai leƙa Kano ko Damagaram ko Gadarif gaida dangi, wa kuma zai tsaya ya tara awannin horo saboda ƙarin girma. Malam da malama masu koyar da kimiyya a mutawassiɗ da sanawi, wato ƙaramar sakandare da babba, da ku nake. Idan kun yi niyyar ba sana'ar wani yanki na hutun nan, akwai hanyoyi huɗu a gabanku: shiga ɗakin binciken wata jami'a na makonni, halartar dawrar horo ta 'yan kwanaki, fita waje zuwa shirin malamai irin na CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai, ko gudanar da ƙaramin bincike a unguwa da kayan awo masu araha. Ba su yi daidai da juna ba, kuma ba zan nuna kamar sun yi ba. A wurina biyu daga ciki ne suke sauya yadda malami ke koyarwa, sauran biyun kuwa wani amfani nasu daban.

Abin da ya sa maganar ta taso a fili yake. Littattafan kimiyya da lissafi da aka ɗauko daga jerin McGraw-Hill aka mayar Larabci, tun wajen 2009 suke neman ɗalibi ya yi hasashe, ya tsara gwaji, ya tattara sakamako, ya kare abin da ya gano. Da aka shigo da tsarin masarat, wato raba ɗalibai zuwa layukan karatu daban-daban, a sanawi a 2021, aka ware layin lafiya da rayuwa da na kwamfuta da injiniya, sai buƙatar ta ƙaru. Ga kuma gasar binciken kimiyya ta ɗalibai mai suna Ibda'a da Mauhiba, gidauniyar kula da masu hazaƙa, ke shiryawa tare da Ma'aikatar Ilimi, wadda zakarunta ke tafiya gasar kimiyya ta duniya, ISEF, a Amurka; a 2022 ɗaliban ƙasar nan lambobin yabo 22 suka dawo da su. Kowane mudir, wato shugaban makaranta, yana son sunan makarantarsa ya fito a wannan layi, kuma malamin kimiyya ake kallo. To amma yawancinmu gwaje-gwajen da muka yi a jami'a irin waɗanda aka san amsarsu ne tun kafin a kunna wuta. Mun koma kamar muɗawwifin da ya haddace addu'o'in ɗawafi tsaf, yana koya wa alhazai, alhali bai taɓa shiga cunkoson da ƙafarsa ba.

Bari in fara da ɗakin bincike, don shi ya fi nauyi, shi kuma ya fi wuyar samu.

Tsarin ya daɗe a Amurka. Hukumar kimiyya ta ƙasar, NSF, tana ɗaukar nauyin malaman sakandare su zauna a ɗakunan binciken jami'o'i na kimanin mako shida a bazara. Jami'ar Kolambiya da ke New York ta fara nata shirin tun 1990 ƙarƙashin Farfesa Samuel Silverstein, kuma nata ya fi tsauri: mako takwas a bazara biyu a jere, malami yana aiki a matsayin ɗan ƙungiyar bincike, sannan rana ɗaya a kowane mako malaman su haɗu su tattauna yadda za a mayar da abin da suka koya darasi. A 2009 mujallar Science ta buga sakamakon bin diddigin da aka yi. A shekara ta uku da ta huɗu bayan malami ya shiga shirin, ɗalibansa sun fi na abokan aikinsa na makaranta ɗaya cin jarrabawar kimiyya ta jiha da kimanin kashi 10 cikin ɗari. Abu biyu nake so a riƙe daga wannan. Na farko, amfanin bai fito a shekarar farko ba, don haka duk wanda ya ce maka mako shida zai juya sakamakon ajinka kafin hutun tsakiyar shekara, kada ka saye. Na biyu, malaman nan su suka kai kansu, wato dama masu himma ne, kuma wani kaso na bambancin zai iya zama daga nan yake. Duk da haka hujja ce mai ƙarfi, kuma ta nuna inda albarkar take: tsawon lokaci, aikin gaske, da wannan rana ɗaya ta tattauna darasi.

Waɗannan shirye-shirye na malaman Amurka ne. A nan sai mutum ya buɗe wa kansa ƙofa. Wuraren dai akwai su: Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, Ummul Ƙura a Makka, Jami'ar Ɗaiba a Madina, jami'ar kimiyya da fasaha ta KAUST da aka buɗe a 2009 a bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda, da cibiyar binciken kimiyya ta KACST a Riyad. Mauhiba tana tura ɗalibai masu hazaƙa irin waɗannan ɗakuna a bazara, saboda haka farfesoshin sun saba da baƙon da ba ɗan digiri na biyu ba. Hanyar da na ga tana kai mutum ciki ita ce wasiƙa kai tsaye zuwa ga farfesan da aikinsa ya shafi darasinka, gajera, ka faɗi ajin da kake koyarwa, makonnin da kake da su, da abin da za ka iya yi musu da hannunka, a haɗa da takardar mudir. Wasu ba za su amsa ba. Ka rubuta wa da yawa.

Me malami ke samu a ciki? Wata abokiyar aikinmu da ke koyar da ilimin halittu ta sami wuri a wani ɗakin binciken ƙwayoyin cuta, aka ba ta aikin shuka samfurin ruwan tankunan gidaje a faranten gwaji. Ta iya bayanin wannan a allo tun shekaru, amma ranar farko hannunta rawa yake wajen riƙe bututun ɗiban ruwa. Ta shirya farantai, ta rubuta kwanan wata a gindin kowanne, ta bar ɗaya babu komai a ciki don ya zama ma'auni, ta sa su a akwatin ɗumi. Da ta buɗe bayan kwana biyu, sai ga ɗigo-ɗigo fari sun tsiro har a farantin da ba a sa masa komai ba. Ɗalibar digiri na uku da ke kula da ita ta ɗaga farantin sama ta duba, ta ce, "Ustaza, duk a zubar. Wannan ya nuna datti ya shiga daga wajenmu, sauran ba za a yarda da su ba." Aikin kwana uku ya tafi kwandon shara, aka koma bin sawu: safar hannu ce, ko murfin da aka bari a buɗe, ko ruwan narkarwa? Da ta koma aji, ta daina rage wa yara maki don gwaji bai ba da amsar littafi ba. Ƙungiyar da sakamakonta ya bauɗe, sai ta sa su rubuta abubuwa uku da suke zargi, su sake. Ba na jin akwai laccar da za ta dasa wa malami wannan hali yadda farantin nan ya dasa mata.

Tsadarsa kuwa ba ƙarama ba ce. Hutun ɗalibai yana kamawa daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Agusta, malamai kuma suna riga su komawa, don haka mako takwas irin na Kolambiya da wuya ya shiga. Biyar ko shida ne abin da hankali zai ɗauka, kuma shi ne kusan hutun gaba ɗaya. Ba tafiya gida, ba darasin gida na ƙarin kuɗi, ga man mota kullum. Galibi kuma ba alawus, tunda kai ka kai kanka. Sai babban haɗarin: a karɓe ka a ajiye ka kusurwa kana kallo, ko a bar ka da wankin kwalabe har hutu ya ƙare. Wanke kwalba ba abin kunya ba ne, kowa a ɗakin yana yi, amma idan shi kaɗai ne rabonka to an ci hutunka. Kafin ka amsa, ka tambayi farfesan: wace ƙaramar tambaya ce za ta zama tawa? Wa zan riƙa tuntuɓa kullum, tunda kai ƙila kana tafiya? Zan zauna a taron mako na ƙungiya? Bayan na koma makaranta, zan iya kawo ɗalibai ziyara ko in aiko da tambaya? In amsoshin suka zo a dunƙule, ka yi godiya ka nemi wani ɗakin. Akwai kuma giɓin da babu mai cike maka shi: na'urar da ke ɗakin binciken ta fi ƙarfin kasafin makarantarka nesa ba kusa ba, kuma farfesa bai san abin da ɗan shekara goma sha uku ke iya ɗauka cikin minti arba'in da biyar ba. Wannan rana ɗaya ta mako da Kolambiya ta ware, kai za ka ware wa kanka, ka zauna da abokin aiki ko biyu kuna tambayar juna: me daga cikin wannan zai shiga aji da kofin roba da ma'aunin zafi?

Dawrar horo ita ce akasin wannan ta kusan kowace fuska. Gajera ce, kwana uku zuwa biyar, a ɗaki mai sanyi ko ta intanet, akwai shaida a ƙarshe, kuma shaidar tana shiga fayil. Wannan ba abin rainawa ba ne. Malamin gwamnati yana buƙatar lasisin koyarwa na Hukumar Tantance Ilimi da Horo, mai jarrabawa biyu, ta hanyoyin koyarwa da ta fannin da mutum ya karanta, kuma hawa matakan girman malami daga mumaris zuwa mutaƙaddim zuwa khabir yana tafiya da awannin horo da aka amince da su. Mako shida a ɗakin wani farfesa, komai amfaninsa, ba lalle a ƙirga maka shi ba sai an bi ta hanyar hukuma tun farko. Wanda iyalinsa ke jiran ƙarin albashi ba za a ce masa ya yi watsi da wannan ba. Haka nan akwai abubuwan da dawra ce ta fi dacewa da su: sabon darasin ilimin ƙasa da sararin samaniya da aka shigo da shi sanawi, ƙa'idojin tsaro wajen ajiye sinadarai, amfani da manhajar koyarwa ta Madrasati, ko gwajin kwamfuta na PhET da Jami'ar Kolorado ke bayarwa kyauta har da Larabci.

Inda take gazawa shi ne wajen sauya ɗabi'a. A 2007 wasu masu bincike a Amurka sun tace nazarce-nazarce sama da 1,300 kan horon malamai, tara kacal suka cika sharuɗɗan inganci, kuma a cikin taran, horon da ya haura awa 14 ne ya nuna tasiri a sakamakon yara, gajerun ba su nuna ba. Malaman firamare aka duba a waɗannan, amma duk wanda ya zauna a dawra ya san labarin: ranar ƙarshe kowa ya cika da niyya, an buɗe zauren WhatsApp, bayan mako uku da komawa aiki sai gaisuwar Juma'a kawai ke yawo a ciki. A dawra ana ba ka labarin yadda ake bincike, har a sa ka gwada na awa ɗaya, amma gwajin an shirya shi ne don ya yi nasara kafin lokacin shan shayi. Idan za ka zaɓi dawra, nemi wadda ta shafi fanninka kai tsaye, wadda za ka taɓa kayan aiki, wadda kuma ke da zama na biyu bayan an koma makaranta. Masu taken “ƙirƙira a ƙarni na ashirin da ɗaya” waɗanda ake tara malamin fiziks da na tarihi a zaure guda, awanni kawai za su ba ka.

Ta uku ba zan daɗe a kanta ba, don kaɗan ne za su same ta. Cibiyar CERN da ke kusa da birnin Janiba na ƙasar Suwizalan tana karɓar malaman sakandare daga ko'ina a duniya tun 1998, mako biyu a Yuli ko Agusta, da Turanci. Ana sauraron masana, ana zagaya wuraren gwaji, ana haɗa ƙaramin akwatin hazo da busasshiyar ƙanƙara da sinadarin alkohol wanda a cikinsa mutum ke ganin sawun ƙananan ɓurɓushin da ke ratsa mu daga sama da idonsa. Ga malamin fiziks na sanawi wannan tafiya ce da za ta wartsake shi, ya dawo da abokai daga ƙasashe da dama. Sai dai ziyara ce ta koyo. Ba za a ba ka tambayar kanka ka yi ta fama da ita ba. Ana rufe karɓar takardu tun farkon shekara, masu nema suna da yawa, ga bizar Turai, ga mai ikama, wato baƙo mai takardar zama, kuma bizar fita da dawowa, sannan dole ka san tun wuri wa zai biya jirgi da masauki. Ka nema, in Allah ya ba ka ka tafi, amma kada ka jingina hutunka a kanta.

Ta huɗu ita ce wadda aka fi rainawa, ni kuwa ita nake ganin ta fi dacewa da yawancin mutanenmu. Ka ɗauki tambaya ɗaya daga unguwarku, ka bi ta da awo na tsari har mako huɗu ko biyar. Ba sai ka ƙirƙiro hanya ba. Shirin GLOBE, wanda aka fara a 1995 da goyon bayan NASA, Saudiyya kuma ta shige shi a 2002, yana da rubutattun ƙa'idojin awo na zafi, ruwa, ƙasa, gajimare da sauro, waɗanda masana suka tsara don makarantu.

Ɗauki zafi. Babu wanda ke zaune a Makka da ke buƙatar a gaya masa muhimmancinsa bayan Hajjin 2024, lokacin da ma'auni ya kai digiri 51.8 a Harami, aka rasa mutane sama da 1,300. Kowa kuma ya san farin marmaran filin ɗawafi, wanda aka kawo daga tsibirin Tasos na Girka, ana taka shi ba takalmi da rana tsaka, alhali baƙar kwalta a waje tana iya ƙona tafin ƙafa. Saboda wannan dalili ne hukumar hanyoyi ta fara shafa wa wasu tituna a wuraren aikin Hajji fenti mai haske. To a titin Mansur ko unguwar Misfala a Makka, ko Sabil ta Jidda fa? Nawa ne bambanci tsakanin kwalta, siminti, ƙasa, rufin kwano, da gindin itacen darbejiya? Lungu mai ƙunci ya fi babban titi sanyi da azahar, amma da daddare fa, wa ke riƙe zafi? Ma'aunin zafi na nesa, mai kama da ƙaramar bindiga, ba shi da tsada. Ƙa'idar ta ce a zaɓi fili mai kama ɗaya, a ɗauki awo tara a wurare daban-daban na cikinsa, a lokacin da rana ta daidaita tsaka, wanda a wajenmu ya zo daf da kiran sallar azahar, a kuma rubuta yanayin gajimare. Nan ma wahalar gaske tana jiranka. Idan ka fito da na'urar daga ɗaki mai na'urar sanyi kai tsaye zuwa rana, za ta ba ka lambobin ƙarya har sai jikinta ya saba da zafin waje, shi ya sa ake ajiye ta a waje na wani lokaci tukuna ko a naɗe ta. Za ka ga awo tara sun ba ka lambobi tara, ɗaya ya yi nisa da 'yan'uwansa, sai ka tsaya kana tunani: in jefar da shi ko in bar shi, kuma da wace hujja? Inuwarka ce ta faɗa wurin? Wannan tambaya ita ce dai wadda malamar can ta yi a gaban farantinta, kuma kai ka same ta a bakin ƙofar gidanku.

Mai koyar da ilimin halittu yana da sauro. Tun 1994 aka tabbatar da zazzaɓin dengi a Jidda, sauron da ke ɗauke da shi kuwa a ruwa mai tsabta da aka ajiye yake hayayyafa: durom, tanki marar murfi, tsohuwar taya, bokitin da ke tarar ɗigon na'urar sanyi. Manhajar GLOBE Observer tana da sashen da ke koya maka ɗibar tsutsar sauro, ɗaukar hotonta da ƙaramin madubi da ake maƙala wa waya, gane nau'inta, sannan a zubar da ruwan. Mai koyar da sinadarai yana da ruwan sha: wanda ake tacewa daga teku a Shu'aiba ya iso famfo, da na motar ruwa, da wanda ya kwana a tankin saman gida cikin rana, da na jarkar kanti. Ƙaramin ma'aunin gishirin ruwa da takardar gwajin sinadarin kulorin sun isa a fara.

Fifikon wannan hanya a kan ɗakin jami'a shi ne babu giɓi tsakaninta da aji. Kayan da ka yi aiki da su a Yuli su ne yaran za su riƙe a Oktoba, kuma ka riga ka san inda za su yi tuntuɓe. Ba ta neman shaidar zama ɗan ƙasa, ba ta raba ka da gida, kuma yaro ɗan unguwar Hindawiyya da ya auna zafin lungunsu ya kawo jadawali yana da abin da zai tsaya a kai gaban alƙalan gasa, wanda ba daga intanet ya kwafo ba. Rauninta kuma a bayyane yake: kai kaɗai ne. Babu mai ɗaga farantinka ya ce a zubar. Mutum zai iya yin mako biyar yana maimaita kuskure guda yana jin daɗin lambobinsa. Maganin shi ne ku haɗu ku biyu ko uku daga makarantu daban-daban, kowa ya auna nasa wurin da ƙa'ida ɗaya, sannan ku sami malamin jami'a ko ɗalibin digiri na biyu da zai duba littafin awonku sau ɗaya a mako. Farfesan da ba shi da gurbin da zai ajiye ka mako shida, sau da yawa yana da rabin awa. Babu shaida a ƙarshe, wannan kuma sai a haƙura. Sannan a kula da rai: ba banza ba aka hana ma'aikata aiki a rana daga sha biyu zuwa uku tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Awon azahar na minti goma ne, da lema da ruwa, kuma ba a fita da yara a wannan lokaci. Nasu sai yanayi ya sauko. Kada a shiga gidan mutane ɗibar ruwa ko ɗaukar hoto sai da yardar mai gida, kada kuma a kai kayan awo Harami ko wata ma'aikata ba tare da izini ba.

To wa zai ɗauki wanne? Sabon malamin da bai ci jarrabawar lasisi ba tukuna, ya fara da wannan, ya yi dawrarsa, bincike zai jira shi baɗi. Malamin sanawi da ke koyar da sinadarai ko ilimin halittu a layin lafiya da rayuwa, wanda ɗalibansa ke tambayarsa abin da ake yi a asibitoci da ɗakunan bincike, shi ya fi kowa buƙatar ɗakin jami'a, kuma in ya samu mai kyau ya yi ƙoƙarin komawa bazara ta biyu, don a ta farko hannu kawai yake faɗawa. 'Yan matan da suka ga Rayyana Barnawi, mai binciken ƙwayoyin halitta haifaffiyar Jidda, ta tafi tashar sararin samaniya a Mayun 2023, suna da sunan da ba baƙo ba ne a unguwanninmu da za su duba; sun cancanci malamar da ta san ƙamshin ɗakin bincike, wadda za ta iya gaya musu yadda ake isa can. Malamin mutawassiɗ kuwa, ko da an ba shi gurbi a babban ɗakin bincike, ni unguwa zan ce ya zaɓa. Abin da ɗan aji ɗaya da biyu ke buƙata shi ne awo, maimaitawa, jadawali da gaskiya wajen rubuta abin da aka gani, kuma duk suna cikin aikin ma'aunin zafi.

Ga 'yan'uwa masu ikama da ke koyarwa a makarantu masu zaman kansu ko na al'umma, da malaman da yaƙin Sudan ya koro tun Afrilun 2023, yawancin shirye-shiryen ma'aikata an gina su ne don malaman gwamnati, kuma zama a ɗakin jami'a yana buƙatar izini a rubuce daga makarantar da takardunka ke hannunta da kuma jami'ar. Kada ka fara zuwa da alkawarin baki kawai. In takardun sun yi wuya, hanya ta huɗu a buɗe take, kuma littafin awo na mako biyar mai tsabta shi ne mafi kyawun abin da za ka haɗa da wasiƙarka ta baɗi. Malama mai ƙananan yara ma haka: awon unguwa yana shiga tsakanin hidimar gida, ɗakin jami'a kuwa yana son yini cur, sai an zauna da maigida da dangi an tsara tun kafin lokacin.

Wani sauƙi da ya zo mana shi ne Hajji yana ja baya da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, yanzu ya fice daga tsakiyar dogon hutu, a 2026 ya koma ƙarshen Mayu, don haka mai aikin mausim, wato aikin lokacin Hajji, ba sai ya zaɓi tsakanin hidimar alhazai da bincike ba kamar shekarun baya. Amma hakan yana nufin daga Ramadan zuwa ƙarshen jarrabawa ba za ka sami sukunin neman komai ba. Wasiƙar farfesa a rubuta ta a Janairu ko Fabrairu, takardar mudir a karɓe ta kafin azumi. Mai niyyar awon unguwa ya sayi na'urarsa tun Mayu, ya gwada ta a kan kofin ƙanƙara mai narkewa ya ga ko tana nuna kusa da sifiri, ya nemo abokan aikinsa biyu, su amince da wurare da lokacin awo kafin kowa ya watse hutu.